Farin Jirgi, Ƙaramin Jirgi, Da Busasshen Fure

Malama Sumie,

Don Allah ki taimake ni kafin watan nan ya ƙare, domin ina gab da yi wa mijina ƙarya. Na riga na shirya ta tsaf, har na gwada faɗinta a gaban madubi. Na san mutane suna kawo miki matsaloli na gaske, ciwo da mutuwar aure da iyayen da tsufa ya kama, ni kuwa tawa matsalar jirgin ruwa ce. Ki daure ki karanta har ƙarshe, ko da za ki yi min dariya kamar yadda yayata ta yi.

Shekarata ashirin da bakwai, aurenmu ya shiga shekara ta uku. Mijina, bari in kira shi Tomoya duk da ba sunansa ke nan ba, malamin firamare ne, ya girme ni da shekara takwas. Ƙanwar mahaifiyata ce ta haɗa mu. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya yawo, shi yake fitar da shara ba sai na tuna masa ba. Aibinsa ɗaya, ba shi da ra'ayi. Launin labule, abincin dare, sunan kyanwarmu, duk abin da na tambaye shi amsarsa ɗaya ce: "Duk wanda kika zaɓa." Da farko na ɗauka so ne. Daga baya na fara jin kamar da bango nake shawara.

Ina aikin rabin yini a shagon wanki da guga, kuma idan babu mai kawo kaya, karatu nake yi. Ƙananan littattafan soyayyar nan masu shiga aljihu, tun ina 'yar sakandare nake binsu, sun cika min kanta biyu a gida. Na fi son waɗanda labarinsu yake faruwa a jirgin ruwa. Mu a garinmu babu teku, sai gonakin dankali da layin dogo, to tun ina yarinya nake ganin kaina a tsaye a saman jirgi, iska tana kaɗa min riga, wani yana zuwa ta bayana ya lulluɓa min kwat ɗinsa. Ba mu yi tafiyar amarci ba, saboda bikinmu ya faɗo tsakiyar zangon karatu. Bana ya ce hutun bazara nawa ne, in zaɓi jirgin da nake so.

Na tara takardun tallan kamfanoni har suka rufe teburin cin abinci. Na tace, na sake tacewa, saura biyu. Na farko babban farin jirgi ne na wani kamfanin ƙasar waje, bene kan bene kamar an ɗora unguwa guda a kan ruwa. Yana tashi daga Yokohama ya bi ta Okinawa ya leƙa Taiwan ya dawo. Akwai zauren rawa, akwai wata matakala mai lanƙwasa da mata suke saukowa a hankali a ɗauke su hoto, akwai ranar da ake cin abinci tare da kyaftin kowa ya caɓa ado. Na riga na sayi rigar, shuɗiya ce, tana rataye cikin leda. Na biyun kuwa na sa shi ne kawai don kada a ce ban kawo zaɓi ba. Ƙaramin jirgi ne na kamfanin gida, ya ɗan tsufa, yawancin masu hawansa 'yan fansho ne, kuma bana zai je tsibiran Ogasawara, inda sai an kwana an wuni a teku ba a ga komai ba sai ruwa.

Malama, da ya ga takardar ƙaramin jirgin, sai ya ajiye sandunan cin abincinsa. Na san ya yi shekara uku yana koyarwa a ɗaya daga cikin tsibiran nan kafin mu haɗu, amma sanin da na yi irin sanin lambar takalminsa ne, ban taɓa sa shi a raina ba. Ranar nan mutumin da ba ya haɗa jimla uku ya yi ta magana har miyarsa ta huce. Ya ce ruwan can shuɗinsa daban ne. Ya ce idan jirgi zai tashi, duk garin yake fitowa tasha da ganguna, kuma ba a ce wa mutum sai wata rana, sai dai "a dawo lafiya," kamar wanda zai je kanti. Masu kwale-kwale su bi jirgi a guje har cikin teku, sannan su riƙa faɗawa ruwa ɗaya bayan ɗaya suna ɗaga hannu. Ya ce wanda ya damu da kai zai zauna ya kitsa maka sarƙar fure da ganye ya rataya maka a wuya. Idan jirgi ya bar tasha sai ka cire ka jefa a teku. In igiyar ruwa ta mayar da ita gaɓa, to za ka dawo tsibirin. Na ce kowa yana jefawa? Ya ce, "Duk mai son dawowa." Sai kuma ya fashe da dariya ya ce, "Da kin ga Nagisa! Daga rufin kwale-kwalen babanta take tsalle, da takalman gonarta da komai."

Ban taɓa jin wannan dariyar ba. Ina nufin ban san yana da ita ba.

Sunan Nagisa ba baƙo ba ne a gidana. Duk ƙarshen bazara kwalin lemun tsami yana zuwa mana daga tsibirin, kore shar, ƙamshinsa ya cika gida, da sunanta a jiki. Kamar kowace matar gida, ni nake rubuta katin godiya da mafi kyawun rubutuna, ni nake zuwa in zaɓi biskit ɗin shinkafa mai kyau in aika a rama. Na tambaye shi sau ɗaya ko wace ce, ya ce wata ce da suka yi zaman mutunci. Sai na zana wata tsohuwa mai ɗankwali a raina, na bar zancen. Ranar da ya yi dariyar nan, da kansa ya ɗauko hoto ya nuna min. Ba tsohuwa ba ce. Sa'arsa ce, rana ta gasa ta, haƙoranta fes, damatsanta kamar na mai tuƙa kwale-kwale, tana dariya da dukan fuskarta. Ashe shekara biyu ke nan ina yi wa wannan matar godiya cikin ladabi. Kwalin bara ma har da sunana ta rubuta kusa da nasa. A lokacin na ji daɗi. Yanzu ji nake kamar leƙo kanta ta yi cikin kicin ɗina.

Ga babban abin. Da aka shiga zafi, ina kwashe kayan sanyi ina sauko da na bazara, sai na ci karo da wani gwangwanin biskit a can ƙuryar ma'ajin bango, bayan barguna. Na buɗe. Sarƙar fure ce, an naɗe ta da farar takarda, ta bushe ƙamas, tana warin ciyawa. An kitsa ta da kyau, kitson wanda ya zauna ya ɓata lokaci. Na mayar da ita yadda na same ta. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Na karanta littattafai da yawa, Malama, na san abin da ake nufi idan namiji ya adana busasshen fure shekara da shekaru. A littafi, matar da ta gano furen ba ita ce tauraruwar labarin ba. Ita ce wadda ake tausaya wa a babi na ƙarshe.

Da muka je gaida surukata ranar Lahadi, muna wanke kwanuka na ɗan bugi cikinta. Ba ta ma san bugu nake ba. Ta ce, "Ai da ba don ciwon Baba ba, da tsibirin nan ya cinye mana shi. Ya dawo baƙi ƙirin kamar kifin da aka manta a wuta, ya yi watanni ba ya magana sai an tambaye shi." Kin ji ko? Ba don ransa ya so ya baro can ba. Shanyewar jikin mahaifinsa ce ta jawo shi gida, shekara na zagayowa kuma tsohon ya rasu.

Na kira yayata ina kuka. Ta ce, "Ke dalla rufe mana baki. Mata suna kukan miji yana kwana a mashaya, ke kina kishi da ciyawa. Littattafan nan sun cinye miki ƙwaƙwalwa. In lemon ne ya tsone miki ido, aiko min, ina da kifin da zan matsa wa." Wataƙila gaskiyarta. Amma ita ba ta ga fuskarsa ba.

Yanzu ko ina guga a shago, tashar jirgin nan nake gani. Na ga mun sauka, ita tana tsaye a gaba, ta kira shi da wani suna da ban sani ba, yaran da ya koyar sun zama samari sun kewaye shi. Ni kuma ina gefe da lema da dogon hannu don kada rana ta ƙona ni, fara fat kamar an tono rogo. Ko iyo ban iya ba. A farin jirgi kuwa babu wanda ya san shi. Nawa ne ni kaɗai, ko da shirun zai yi ta yi.

Da na matsa masa ya faɗi wanda yake so, ya ce, "Duk wanda kika zaɓa." Amma takardar ƙaramin jirgin tana cikin jakarsa ta makaranta, na gani, har gefenta ya lanƙwashe. Matar ofishin tafiye-tafiye ta riƙe mana ɗaki a jiragen biyu zuwa ƙarshen wata. Abin da na shirya shi ne in ce masa ƙaramin ya cika. Na san ba zai bincika ba, zai ce "ayya, ba komai," ya fitar da shara. Wannan "ba komai" ɗin nake tsoro, amma na fi tsoron tashar nan. In faɗi ƙaryar? In ba haka ba, wane jirgi zan hau?

Mai Shuɗiyar Riga, daga Saitama

*

'Yata Mai Shuɗiyar Riga,

Ban yi miki dariya ba. To, na ɗan yi a wajen ciyawa, yayarki tana da baki. Amma damuwarki ta gaske ce, kuma ba jirgi ba ne.

Mu fara da mai sauƙi. Kada ki faɗi ƙaryar. Ba don zai kama ki ba, na yarda da ke ba zai bincika ba. Don ke ce za ki hau farin jirgin nan da ita. Za ki sauko daga matakala mai lanƙwasa cikin shuɗiyar rigarki, ki dube shi yana murmushin ladabi, ki san cewa sato shi kika yi. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ke kuma furen da ke gidanki ya ishe ki. Sannan kwalin lemo zai zo a ƙarshen bazara kamar kullum, ki sake zama rubuta katin godiya. Har yaushe?

Yanzu gwangwani. Kin karanta shi da ƙa'idar littattafanki, inda mai so yake adana fure. Amma ba a littafi aka kitsa wannan sarƙar ba, a tsibiri aka kitsa ta, kuma ke da kanki kika rubuto min ƙa'idar tsibirin. Kin tambaye shi wa yake jefawa, ya ce duk mai son dawowa. To mijinki ya tsaya a saman jirgi, gari guda yana kallonsa, mutane suna faɗawa ruwa dominsa, sarƙa tana wuyansa, bai jefa ba. Ya sa ta a jaka ya taho da ita wajen ubansa. A wurin mutanen can, wannan ba aikin mai shirin komawa ba ne. Aikin wanda ya yanke wa kansa hukunci ne, bai yarda ya bar wa igiyar ruwa ta yi masa wani alkawari ba. Ki ƙara da wannan: mahaifinsa ya rasu da daɗewa, hanyar neman a mayar da shi can a buɗe take, bai nema ba. Ya je gidan ƙanwar mahaifiyarki ya zauna a gabanki.

Ba zan ruɗe ki ba. Ban san zuciyarsa ba, kuma mai yiwuwa ne ya so Nagisa, mai yiwuwa ita ta kitsa sarƙar, mai yiwuwa barin ta ya yi masa ciwo. Namiji mai shekara talatin da wani abu ba daga sama ya faɗo ranar da kika fara ganinsa ba. Amma abin da ya wuce mai ciwo daban, abin da ake ɓoyewa daban. Mai ɓoye mace ba ya ɗauko hotonta ya miƙa wa matarsa ana cin abinci. Macen da take jiran mijin wata kuma ba ta cika rubuta sunan matar a jikin kwali ba.

Shi ma yana da nasa laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Ya bar ki shekara biyu kina yi wa mace godiya bai gaya miki ko wace ce ba. "Duk wanda kika zaɓa" kuma ba kullum yake zama kirki ba. Wani lokaci hanya ce ta ɗora wa mace nauyin komai, shi ya zauna da hannu mai tsabta. Ya san jirgin da yake so, yana yawo da takardarsa a jaka, amma yana jira ki karanta zuciyarsa. Wannan ba adalci ba ne, ki gaya masa.

Ina ganin ba Nagisa kike kishi da ita ba. Dariyar nan ce. Kin gano mijinki yana da ɗaki guda da ba a taɓa shigar da ke ba, kuma a can ne hasken yake. Amma ki lura, a teburinki ya yi dariyar, ke ya yi wa. Ƙofar ya buɗe miki da irin wautar maza, ke kuma kina neman makulli ki rufe.

Ga abin yi. Ki zaɓi ranar hutu da rana tsaka, ki dafa shayi, ki ɗora gwangwanin a kan tebur. Kada ki yi jawabi irin na babi na ƙarshe. Ki ce kin gani lokacin sauya kaya, kin ji kishi, kina so ki san wa ya kitsa, kuma me ya hana shi jefawa. Daga nan ki yi shiru, ko da zai ɗauki lokaci. Mai shiru yana buƙatar fili kafin magana ta fito. In ya ce yana son ta har yanzu, to matsalarku ta fi jirgi girma, ki sake rubuto min. Ban zaci haka za ki ji ba.

Batun jirgi kuma, burinki ba wauta ba ne. Tafiyar amarcinki ce, kin daɗe kina jira, kina da haƙƙin matakalarki. Sai dai farin jirgi irin wannan kusan kowane wata yana tashi, Okinawa ba za ta gudu ba. Ƙaramin kuwa ba kullum yake zuwa tsibirin ba. Da ni ce, ƙaramin zan hau bana, in sa shi ya yi alkawarin farin da bakinsa, ya faɗi shekara, shi zai je ofis ya kama ɗaki. Kafin ki biya, ki tambayi matar ofishin abubuwa kaɗan. Bazara lokacin guguwar teku ne, me kamfanin yake yi in an sauya hanya ko an fasa? Irin wannan jirgin na yawo a can nesa da gaɓa yake tsayawa a kwashe mutane da kwale-kwale zuwa tasha, to in teku ta yi fushi ana sauka kuwa? Ki nemi ɗaki mai taga a tsakiyar jirgi, can ne ba ya jijjiga sosai, ki sayi maganin jiri tun a gida. Rigar kuma ki sa ta a akwati. Jiragen 'yan fansho ma suna da ranar ado, kuma babu masu yaba amarya kamar tsofaffi.

Ki tafi da lemarki da dogon hannunki, ba wanda ya ce sai kin yi tsalle daga rufin kwale-kwale. Ki riƙe biskit ɗin shinkafar bana a hannu ki miƙa wa Nagisa da kanki, ki ga mutum a maimakon hoto. Gwangwanin ma ku tafi da shi, ki bar mijinki ya san yadda zai yi da abinsa.

Abu na ƙarshe. Matar malamin da gari guda ya raka ba za ta bar tashar nan da wuya wayam ba. Wani zai zauna ya kitsa miki taki sarƙar, kuma ba zan yi mamaki ba in mai lemon ce. Idan jirgi ya tashi, ganguna suna tashi, za ki tsaya a sama iska tana kaɗa miki riga, kamar yadda kika daɗe kina gani. A lokacin babu mai ce miki duk wanda kika zaɓa sai zuciyarki. Ki jefa ko ki riƙe, naki ne.

Ina yi muku fatan teku mai kwanciya da hira mai tsawo. A dawo lafiya.

Sumie